Daga Hannu Zuwa Hannu: Tafiyata Daga Kano Zuwa Badun da Inugu

Dalilai biyu ne suka fitar da ni daga Kano zuwa kudancin Najeriya a cikin hunturun watan Disamba. Na farko shi ne bikin auren wani abokina Ibo da muka yi hidimar ƙasa tare, wanda za a yi a ƙauyensu da ke kusa da Inugu. Na biyu kuwa saƙo ne daga mahaifina zuwa ga wani dattijo a unguwar Sabo ta Badun, wanda ya daɗe yana sauke shi a zamanin da yake fataucin goro. Mutanen gidanmu ba su so tafiyar ba, kuma tsoronsu yana da tushe, domin labarin matafiya 16 'yan Arewa da aka kashe a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025 bai bar zukatan jama'a ba. Mahaifina ne kaɗai bai nuna damuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya kira dattijon nan ta waya, ya faɗa masa ranar da zan taso da tashar da zan sauka, sannan ya ja mini kunne kada in kama ɗaki a ko'ina sai in wanda aka haɗa ni da shi ne ya ce in yi haka.

Daga Kano zuwa Zariya, Kaduna da Abuja babu wani abin faɗa, hanya ce da kowa ya sani. Tafiyar ta fara ɗaukar wata kama ne bayan mun haye gadar Murtala a kan kogin Kwara muka shiga Lokoja, garin da Kwara da Binuwai suke haɗuwa, wanda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka datse hanyarsa har matafiya suka yi ta kwana a kan titi. A cikin motarmu akwai Bahaushe da Bayarabe da Igbira da Ibo, kuma tun kafin a yi nisa na lura babu wanda ya buɗe ƙunshin abincinsa ba tare da ya yi wa na kusa da shi tayi ba, kowa da harshensa. Wata mata mai goyo ta gaji da riƙon ɗanta, sai wata dattijuwa da ba ta taɓa ganinta ba ta miƙa hannu ta karɓe shi, uwar kuwa ta jingina kai ta yi barcinta ba tare da wata fargaba ba.

Tsakanin Lokoja da Okene motar ta lalace a bakin wani ƙauye gab da magariba, direba ya hau babur ya tafi neman bakanike. Kafin mu gama sauka, samarin ƙauyen sun fito da bencina sun jera a gindin wata bishiya, wani tsoho ya kawo butoci ya nuna mana alƙibla, mata kuma suka aiko da ruwa da dafaffiyar doya da manja. Wani fasinja ya zaro kuɗi zai biya, matar da ta kawo doyar ta girgiza kai ta juya ta tafi abinta. Gidajen ƙauyen da tufafin mutanensa sun isa su shaida wa mai ido cewa ba rarar abinci gare su ba, musamman a wannan zamani da tsadar rayuwa ta ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Da dare ya yi aka gane cewa wata ɗaliba a cikinmu kuɗin motarta kaɗai ta fito da shi, nan take wani ya cire hularsa ya zagaya da ita, aka haɗa mata abin da zai kai ta gida, kuma babu wanda ya tambayi addininta ko garinsu.

Mun isa Badun da hantsi ta hanyar Akure da Ife. Yaron da aka turo tarbata shi ya gane ni tun kafin in fara waige-waige, ya karɓi jakata, muka nufi Sabo ta wajen Mokola. Wanda ya shiga wannan unguwa zai ji Hausa a kowace kwana, zai ga masu shayi da masu tsire da masu canjin kuɗi, alhali yawancin matasan wurin a nan aka haife su, kuma Yarbanci a bakinsu kamar Hausa yake. Dattijon yana zaune a ƙofar gidansa a kan buzu. Da na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni, mahaifina yana gaishe ka," sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Ɗana, ka zo gida. A ba shi ruwa tukuna, labari ya biyo baya." Bai karɓi saƙon ba sai da na yi wanka, na ci abinci, na huta.

A zaman da na yi da shi ne na fahimci abin da ya sa mahaifina bai ji tsoro ba. An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916, shekaru kaɗan bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, lokacin da shanu suka fara gangarowa kudu da yawa, goro kuma yana haurawa arewa daga ƙasar Yarabawa maimakon tsohuwar hanyar Gwanja da iyayenmu suka sha bi da jakuna. Wannan ciniki gaba ɗayansa a kan masu gida ya tsaya, waɗanda a wasu wurare ake kira fatoma. Falke yakan taso daga Kano ko Sakkwato da dukiya mai yawa zuwa garin da bai san kowa ba, bai kuma iya harshensu ba, sai ya sauka a wurin maigida, wanda zai ba shi ɗakin kwana da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalai. Mafi nauyi a cikin aikin shi ne lamuni, domin mahautan Yarabawa bashi suke ɗaukar shanu, maigida ne kuma yake tsayawa a tsakani, idan mahauci ya gaza biya shi ne zai fitar daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Yana samun rabonsa daga la'ada, ba shakka, kuma Baba bai ɓoye mini haka ba. Amma ya ce idan baƙo ya kwanta ciwo maigida ne mai jinya, idan ya rasu shi ne zai yi masa sutura ya mayar wa magada da dukiyarsa cif, kuma babu la'adar da take biyan wannan.

Na daɗe ina jin ana yabon 'yan Najeriya da son baƙi kamar dai hali ne kawai da aka haife su da shi. A ganina wannan yabo ya rage wa abin daraja. Abin da na gani a Sabo tsari ne da mutane suka gina da hannunsu, mai shugabanni da ƙa'idoji da hukunci, tun daga Sarkin Hausawa har zuwa yaron da ake aika tasha, kuma an gina shi ne saboda matafiyi ba shi da wata hukuma da za ta tsaya masa idan dare ya yi masa a garin da ba nasu ba. Kusan kowane babban gari na kudu yana da irin wannan unguwa, kamar Bogobiri a Kalaba da Ama Hausa a Owerri, kamar yadda Sabon Garin Kano da na Zariya suka zama masaukin 'yan kudu da ƙungiyoyinsu na gari-gari. Baƙo a ƙasar nan ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba, miƙa shi ake yi daga hannun wani zuwa hannun wani, kuma duk wanda ya karɓe shi ya san akwai wanda zai tambaye shi.

Akwai kuma waɗanda ba a ambata idan ana wannan yabo. Duk lokacin da aka fito da kwanukan abinci zuwa zaure, inda maza goma ko fiye suke haɗuwa su yi ciyayya, daga cikin gida suke fitowa, daga hannun matan da suka tashi tun asuba, waɗanda baƙo zai zo ya tafi bai ga fuskarsu ba. Sunan karamci na maigida ne, amma hayaƙin murhu su suke sha. Na roƙi izini na gaishe da uwargidan daga bakin ƙofa, ta amsa mini da cewa ta san mahaifina tun ina ciki, har ta tuna irin miyar da ba ya ci.

Washegari Baba ya kai ni gaisuwa gidan wani dattijo Bayarabe, tsohon mahauci da suka yi hulɗa tun suna samari. 'Ya'yansa maza suka kwanta rub da ciki suka gaishe da Baba, matan suka durƙusa, aka kawo mana amala da miyar wake da ta lalo, abincin da Badun ta yi suna da shi, kuma mai gidan bai yarda na tsame hannu ba sai da aka ƙara mini nama. A hirarsu suka taɓo rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda ya faro daga saɓani tsakanin mutum biyu ya ƙare da asarar rayuka da ƙona shaguna da gidaje. Muryarsu ta sauka da suka zo wurin. Dattijon ya ce a waɗannan kwanaki iyalai biyu na Hausawa a gidansa suka kwana, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye. Baba bai ce komai ba, ya dai gyaɗa kai, na kuma gane cewa magana ce da suka riga suka sani a tsakaninsu, saboda ni aka maimaita ta.

Daga Badun Baba ya haɗa ni da wani dillalin goro a Shagamu, inda na wuni ina kallon mata suna tsince goro ana jera shi cikin ganye ana ɗaure huhu. Dillalin ne ya kai ni tasha da kansa, ya yi magana da direba, ya karɓi lambar wayarsa, sannan ya kira Baba a gabana ya ce amanarsa ta hau mota. Muka bi ta Ore da Binin da Asaba, zuciyata ba ta kwanta sosai ba sai da muka fita daga jihar Edo, ko da yake babu wanda ya dube ni da ido mara kyau. Muka haye tsohuwar gadar Anaca da aka kammala a 1965, ana hango sabuwar da aka buɗe a 2023 daga gefen kudu.

A Anaca ƙanen mahaifin abokina ne ya karɓe ni a shagonsa na kayan gyaran mota. Yara huɗu na gani suna yi masa aiki, ya bayyana mini cewa babu ɗan cikinsa a cikinsu, 'ya'yan dangi ne da na mutanen garinsu da aka ba shi su koyi kasuwanci. Yaro yakan zauna a gidan ubangidansa shekaru, ci da sha da sutura duk a wuyan ubangidan, idan wa'adi ya cika sai a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon, ko da kuwa a layi ɗaya ne da na wanda ya koya masa. Shi ma haka aka yi masa. Ya ce mutumin da ya yi arziki bai yaye kowa ba, ba a ɗaukar sa da muhimmanci a taron gari komai yawan motocinsa. Wannan ya tuna mini da yadda manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari suke yaye yaransu, sai dai a wurin Ibo abin ya fi zama yarjejeniya bayyananniya da dangi suke shaida a kai.

Disamba wata ne da Ibo suke komawa gida daga duk inda suke, saboda haka ƙauyen abokina cike yake da motoci masu lambar Legas da Kano da Fatakwal. Mahaifiyarsa ta fito da gudu ta tarbe ni tana kirana ɗanta, na ce, "Mama, sannu da gida," ta amsa da Hausar da ta tsinta a Kaduna. Kafin a tambaye ni gajiyar hanya sai da aka zaunar da ni cikin maza aka fito da goro a faranti. Wannan goro ba irin wanda muke ci ba ne, nasu ne mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, kuma ba a fasa shi da gaggawa. An nuna wa kowa farantin bisa tsarin girma da dangantaka, ya koma hannun mafi tsufa, ya ɗaga ɗaya ya yi addu'a mai tsawo da harshensu ana amsawa, sannan aka fasa aka raba, aka kuma ba ni guda cikakke in sa a aljihu, domin in na koma gida ya zama shaidar cewa an karɓe ni. Ni da na tashi a gidan da goro ya ciyar da mu, ban taɓa ganin an girmama shi haka ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abubuwan da aka tanada ba tare da na roƙa ba. An share mini ɗaki an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye buta a bakin ƙofa. Saniyar bikin kuwa, mahauci Bahaushe aka ɗauko daga kasuwar shanu ya yanka, kuma mahaifin ango ya kira ni in tsaya a wurin don in ci da natsuwa. Da aka zo zagayawa da bammi, mai rabon ya tsallake ni ya miƙo mini lemo ba tare da wani ya yi masa ishara ba, alamar an riga an yi maganar tun kafin in iso. Hausawa suna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a wannan gida kuwa duka biyun aka yi mini.

Ranar bikin na ga yadda nauyi yake rarrabuwa. Dangin uba suka kafa rumfuna, matan da aka auro cikin zuriyar suka kwana suna girki, sa'o'in ango suka ɗauki jigilar kujeru da tsaron motoci, wani kuma yana zaune da littafi yana rubuta gudunmawar kowa, kamar yadda matanmu suke riƙe lissafin biki don su rama idan na wani ya zo. Amarya ta karɓi kofin bammi daga hannun mahaifinta, ta ratsa taro tana neman angonta ana ta kiranta daga kowane gefe, har ta same shi ta durƙusa ta miƙa masa. Irin wannan haɗin kai yana da nauyinsa, domin abokina ya faɗa mini cewa kuɗin ƙungiyar gari da na jana'iza da na gina makaranta ba sa ƙarewa, kuma wanda ya ƙi biya zai ga sakamakon ranar da mutuwa ta shigo gidansa. Duk da haka bai taɓa tunanin fita ba, domin ƙungiyar ce ta biya masa kuɗin jami'a a shekarar da mahaifinsa ya yi karayar arziki.

Da yamma wani tsoho mai sanda ya sa aka kira ni, ya yi mini sallama da Hausa tsantsa irin ta mutanen da. A Jos ya yi ƙuruciyarsa har zuwa 1966, lokacin da aka yi wa Ibo kisan da ya kore su daga Arewa. Ya ce maƙwabcinsu Bahaushe ne ya ɓoye su a cikin ɗakin matarsa, ya sa musu riguna da huluna ya raka su tashar jirgi, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 kuma mahaifinsa ya koma ya tarar da gidansa yana nan, an tara masa kuɗin haya. Bai ɓoye mini cewa ya rasa 'yan'uwa a wannan shekara ba, kuma bai sassauta ɗacin abin ba. Shi ne ya tuna mini cewa a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Ni kuma na ba shi labarin Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Tsohon ya ce ya ji labarin a rediyo, kuma bai yi mamaki ba, domin ya taɓa zama a bayan irin wannan ƙofa.

Ba na so in mayar da waɗannan labarai mayafin rufe ɓarna. Ƙasar da ake ɓoye baƙo a ɗaki ita ce ƙasar da ake farautarsa a titi, kuma sau da yawa unguwa ɗaya ce take fitar da mutanen biyu. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a duk inda aka tsira, akwai tsohuwar hulɗa a ƙasa, ta ciniki ko maƙwabtaka ko makaranta, wadda ta sa wani ya san sunan wani. Shirin hidimar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙi yana da masu suka da yawa, wasu ma da hujja, amma ba don shi ba da babu abin da zai kai ni wannan ƙauye.

Na kamo hanyar gida ta Obollo-Afor da Otukpo da Makurɗi, da doya da garin rogo da galan na manja da Mama ta tilasta mini ɗauka. A tasha, kafin mota ta cika, wata mata Bahaushiya mai sayar da abinci ta daɗe tana dubana, sannan ta matso ta gaishe ni ta tambayi inda na nufa. Da ta ji ta Lafiya zan bi, sai ta jawo wani yaro ɗan kimanin shekara goma, ta ce, "Malam, don Allah ga amana, kawunsa zai tarbe shi a tashar Lafiya." Ba ta san sunana ba sai a lokacin, abin da ta sani shi ne ta ga wanda ya rako ni, kuma ta san gidansu. Na zaunar da yaron kusa da taga, muka ci ƙosan da ta ƙunsa masa tare, ya yi barci tun kafin mu haye Binuwai. A Lafiya kawun yana tsaye yana jira, ya kira uwar a waya ya ba ta yaron suka yi magana, sannan ya miƙo mini wayar ta yi godiya. Ya nace sai na kwana a gidansa tunda la'asar ta yi kuma hanyar Akwanga zuwa Jos ba ta bin dare ba ce, na kira gida na shaida musu cewa sai gobe zan iso.